Ranar da Na Mayar da Kifi Kicin

Ni ba mai magana ba ce. A ajinmu na Harlem, a birnin New York, can baya nake zama, ba wanda ya san muryata. Shi ya sa ranar da Rahina, 'yar Ghana, ta ce in raka ta gidan abincin masu kula da lafiya, na ƙudura zan nuna mata ni ma na waye, ko ta riƙe ni ƙawa.

Ta saya mana abincin Hawaii da ake kira poke: shinkafa a kwano, mangwaro, riɗi, sai kifi jajawur yana ƙyalli a sama. Na taɓa shi. Sanyi ƙalau.

A gidanmu Mama ba ta sauke kifi sai ya yi ƙaras-ƙaras. Na riƙe hannun Rahina. "Kar ki ci, sun manta ba su soya ba."

Na kwashi kwanukan, na gyara hijabi, na aro muryar da Mama ke yi wa mai nama, na je na shaida wa mai zuba abincin an yi kuskure a kicin. Har da ce masa ba komai, kowa na mantuwa.

Cikin ladabi ya ce ɗanye ake ci, ko kaskon suya ba su da shi.

Rahina ta kife a tebur tana dariya. "Ke! Ashe kina magana!"

Na ci, kuma da daɗi. Yanzu duk Juma'a tare muke zuwa. Da mun shiga sai ta ɗaga murya: "A hura wuta, Hajiya Mai Kasko ta iso!"