Kindirmo a Kan Ƙunar Salansa

Ranar da salansar mashin ta ƙona ni a ƙauri, na riga na zama likita, don na karanta a waya cewa bakteriyar baki da ta kindirmo suna warkar da ciwo.

Matata ta ce, "Maigida, mu je asibiti."

Na ce, "Ke dai zauna ki ga ilimi." Na tofa yawu, na lafta kindirmo, na ɗaure da ƙyalle.

Kwana uku ƙafa ta kumbura, ƙudaje na raka ni har motar Abuja. A asibiti nas ta kwance ƙyallen, ta toshe hanci, ta ce, "Malam, fura kawai ta rage."

Matata ta rantse ba ta gaya wa kowa ba. Amma har yau mai nonon garinmu Iku tambayata take, "Dakta, na sha ko na shafawa?"