Muryar da Na Raɗa wa Suna a Rakodar Gwaggo

Kowa a Boɗinga cewa yake ƙarya na shirga ranar walimar nan. Ba ƙarya na yi ba. Kunnena daidai ya ji, bakina ne ya riga hankalina. Masu dariyar kuwa, ko ɗaya babu wadda za ta bambance maka muryar Bayati da ta Hijazi. Duk da haka, ranar ta ƙi barin raina.

Lokacin Malama Hadiza tana neman wadda za ta riƙe mata ajin 'yan mata a Islamiyyarmu, ta koya musu rera karatu. Ni kuma na daɗe ina ƙona data a waya ina koyon maƙamai, wato salon muryoyin Larabawa, kowanne da sunansa. A zuciyata ajin ya zama nawa (har na zaɓi hijabin da zan sa ranar farko).

Sai bikin 'yar baffana ya kai mu Shagari, har da Malama. Bayan an ci an sha, Gwaggo Asabe, yayar babana, ta jawo tsohuwar rakodarta, ta saka kaset ɗin marigayi mijinta, wanda muke ce wa Baba, yana rera waƙen wa'azi.

Murya ta fito da nauyi, tana ja, tana zamewa ƙasa kamar mai shirin kuka. Malama ta karkata kai ta ce, "Ikon Allah. Wagga wace irin murya ta?"

Ba ni aka tambaya ba. Na miƙe.

"Saba ce, Malama, maƙamin baƙin ciki. Ku ji yadda take faɗowa, ba ta kai inda kunne ke jira ba. Ba kowa ke iya ta ba. Baba ya rera wannan zuciyarsa a karye."

Ban tsaya nan ba. Na ce da wuya in ba daga Makka ya ɗauko ta ba (mutumin da iyakar tafiyarsa kai albasa Sakkwato). Mata suka hau kabbara, wata har da share hawaye da gefen mayafi. Su ne dai yanzu ke min dariya.

Gwaggo ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, wane baƙin ciki? Ranar sunan ɗanmu na fari ya yi shi, ya ci nama ya ƙoshi. Batir na ya yi sanyi, ban shanya shi rana ba yau, hidima ta sha mini kai."

Ta kwance tocilarta, ta zazzage batiran ciki, ta cusa a rakoda. Baba ya zabura a cikin kaset kamar an watsa masa ruwa. Muryar nan ce da kowane yaro ke rerawa a hanyar makaranta. Ni kaina da ita na tashi.

Wata daga baya ta ce, "Malama Saba, a ƙaro mana bayani."

Tsakar gida ta ɗauka da dariya. Malama Hadiza ba ta yi dariya ba, ta dai gyara zaman tabarau ta dubi wani wajen, kuma wannan ya fi min ciwo. Ajin ta ba Rukayya, wadda ko sunan maƙami ɗaya ba ta sani ba, amma ta iya zama da bakinta a rufe.

Sunan kuwa ya bi ni har kasuwa.

Na yanke shawara. Zan koma Shagari da sabon batir, in naɗi kaset ɗin Baba a wayata, in koyi waƙen da muryarsa ta gaskiya, in je in rera wa Malama ko ba ta tambaya ba. Duk baƙuwar muryar da na sake ji kuma, kafin in raɗa mata suna, sai na tambayi yaushe rabon batir da rana.