Nomau da Akwatin Kati Mai Huda

A wani ƙauye an yi wani Nomau, wanda in ka ce masa zauna, to a nan za ka same shi gobe. Yana zaune da yayarsa Tasalla. Ubansu, Jatau Ɗanbala, ya yi shekara ashirin a birni yana huda wa wani tsohon injin kwamfuta katin da injin ke karantawa. Da ya rasu, gadon da ya bari duka akwati ɗaya ne na katin.

Wata rana Tasalla ta ji an rataye hoton ubansu a gidan tarihin kwamfuta, inda aka ajiye tsohon injin, an rubuta "Ma'aikacin da ba a sani ba." Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Ɗauki akwatin nan ka tafi. Kada ya taɓa ƙasa, kada ka dawo sai an sa sunan Baba." Nomau ya ɗora shi a ka, ya ƙi saukewa ko a tasha. Direba ya yi juyin duniya, ƙarshe a bayan motar awaki ya tafi a tsaye.

Wata rana a gidan tarihin, yana cikin baƙi, mai zagayawa da su ya ce kada a taɓa komai. Iska ta rufe ƙofa bayan kowa ya fita. Nomau ya tsaya gabanta har la'asar. Da aka tambaye shi, ya ce, "Ƙofa ma komai ce."

Wata rana ya tare shugaban gidan, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin hoton nan ubana ne."

Shugaba ya dube shi sama da ƙasa. "Ina shaida? Sai dai in injin ne ya faɗa da kansa."

Mai hankali zai gane kora ce. Nomau kuwa ya je ya tsaya gaban injin, mai girman rumbu uku, yana jira. Kwana huɗu masu gadi na fitar da shi, yana dawowa.

Ran Asabar, da aka kunna injin don baƙi, ya tambayi mai kula da shi, "Me ake ba shi ya yi magana?"

"Kati."

Nomau ya miƙa nasa. Don a yi dariya aka zuba wa injin. Inji ya yi ƙugi, ya fito da takarda, layin farko: JATAU ƊANBALA NE YA HUDA. Dariya ta tsaya.

Shugaba ya ce, "To, sauke akwatin, ka huta."

Nomau ya ce, "A rubuta tukuna."