Ranar da Na Yi Ƙunshi a Ƙofar Gonar Aladu

Ba zan taɓa mantawa da makonni shidan da na yi a wata gonar aladu can gaba da unguwar Edmonton ta Landan ba, ko da kuwa na so mantawar. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa Najeriya, gwamnati ta turo mu Landan karatun likitan dabbobi, muna ta hura hanci kamar mu muka haƙa rijiyoyin. A shekara ta uku aka ce kowa sai ya yi aiki a gona, mai gonar ya sa hannu a takardarsa. Wanda bai samu sa hannun ba ya faɗi shekarar, wanda ya faɗi kuwa sai dai ya tattara ya koma gida. Na yi ta addu'ar a ba ni shanu. Da aka kafe sunaye, sai ga ni a aladu.

Ban faɗa wa kowa ba. Duk Bahaushen da ya tambaye ni sai in ce ai ina wata gona ce ta manyan dabbobi (ban yi ƙarya ba, wasunsu sun kusa kai maraƙi).

A lokacin wata cutar bairos tana yawo a gonakin ƙasar, tana fitar wa aladu ƙuraje a baki da kofato. Duk gonar da ta shiga sai a kashe garken gaba ɗaya. An yi mana lacca kan yadda ake tare ta a bakin ƙofa, amma ranar ina kasuwa ina gwada wani takalmi mai tudun dunduniya da ake yayi.

Da wannan takalmin na isa gonar, mu huɗu, ni ne a gaba saboda iyayi. A bakin ƙofa na ga dogayen takalman roba a jere, ga kuma wani faffaɗan baho cike da ruwa ja-ja. Ai ni ɗan gida ne, ba sai an koya mini ladabi ba. Inda duk ka ga takalma a jere ga ruwa a gefe, ka san abin da ake nufi. Na tuɓe takalmina, na zare safa, na naɗe ƙafar wando, na shiga. Kuma ban yi ha'inci ba. Na fara da dama, na cuɗa har idon sawu, na bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan na koma hagu. Na ɗan ji raɗaɗi, na ce a raina ruwan Turawa ne, komai nasu da ƙarfi.

Ina ɗagowa na ga mai gonar, wani dattijo mai suna Mista Wilkins, ya saki baki. Abokan karatuna uku kuwa sun juya mini baya, kafaɗunsu na rawa.

"Yaro, wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne," in ji shi. "Takalmin roba ake sawa, sannan a tsoma shi. Shekara nawa ka ce ka yi a makaranta?"

Na ce uku. Ya jinjina kai, ya ce ba zai bar ni kusa da aladunsa ba. Aikina daga yau tsaron bahon nan da wanke tayoyin mota, in kuma na sake yin wata wautar, takardata za ta koma yadda ta zo.

Ashe maganin da aidin a ciki, jan maganin nan na miki mai rina fata. Na wanke da sabulu har fata ta yi zafi, amma ƙafafuna suka tsaya jawur, da layi tsaf a idon sawu, kamar ƙwararriyar mai lalle ce ta zauna a kansu.

Washegari kuma sunan ɗan Malam Tanimu ne a gidansa na unguwar Stratford. Shi ne babba a cikinmu, ma'aikacin gwamnati da aka turo kwas, kuma shi ke ja mana salla. Na je da safa biyu a kowace ƙafa. Aka ci tuwo, aka sha hira, har na manta da damuwata. Sai azahar ta yi, aka yi layin alwala a ɗan banɗakinsa, na fito ƙafa a jiƙe, safa a aljihu, na ratsa tsakiyar falo cike da mutane.

Malam Tanimu ya gyara tabarau, ya dubi ƙafafuna, ya dube ni.

"Likita, ashe biki biyu muke yi yau? Ba a sanar da mu ba. Wane ne angon?"

Falon ya ɗauki dariya, har matan da ke kicin suka leƙo. Na ji dama ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Malam, magani ne, na wurin aiki." Ya ce maganin me? Na ce na cutar dabbobi. Ya ce waɗanne dabbobi? Ga shi ina da alwala, ana shirin tayar da iƙama, bakina ya kasa ƙarya. Na faɗa a hankali, ya ce bai ji ba, na sake faɗa. Daga ranar sunana ya koma Amaryar Aladu, kuma akwai waɗanda har yau da shi suke gaishe ni.

Na koma bakin ƙofata da ɓacin rai, na huce shi a kan takalman mutane. Gaskiya ba ilimi ne ya sa ni ƙwazo ba, ƙyama ce. Ba na son ko ɗigon kashin alade ya taɓa ni, don haka kowane takalmi sai na sa an kankare shi da burushi tas kafin a tsoma, ruwan kuma da ya ɗan yi duhu sai in zubar in haɗa sabo. Sai daga baya na karanta cewa haka ake so, domin maganin ba ya ratsa laka da kashi ya kai ga ƙwayar cutar.

A mako na biyar wani dillalin aladu ya zo da babbar motarsa, tayoyi da takalminsa duk laka, yana sauri. Ya ce shekara ashirin yana shiga gonar nan ba wanda ya tare shi. Na ce yau an tare. Ya yi ta faɗa, na rufe ƙofar na jingina da ita, ko da yake na san abokin Mista Wilkins ne, takardata kuma tana hannun Mista Wilkins. Da ya ga ba zan gusa ba, ya zage ni, ya juya motarsa ya tafi. Kwana biyu mai gonar bai amsa gaisuwata ba.

Cikin satin nan cutar ta ɓulla a gonar da dillalin ya fito, ta kuma ɓulla a wadda ya wuce bayan ya bar mu. Duka biyu aka kashe garkensu. Tamu ko alade ɗaya bai yi ƙurji ba.

Ranar ƙarshe Mista Wilkins ya sa hannu, ya ƙara da layi uku na yabo, ya riƙe hannuna idonsa ya kawo ruwa. Na ji kaina ya yi girma, wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun zuwana ƙasar. Sai ya ce yana da tukuici. Ya ja ni wani ɗaki, ya nuna mini ɗan alade mafi ƙiba a cikin waɗanda aka haifa makon nan, ya ce shi zai bari ya zama uban garke, kuma ya riga ya raɗa masa sunana.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutum alheri, ka fara binciken da me yake yin godiya. Na yi masa godiyar dai, na roƙe shi alfarma ɗaya: in wani mai hula ya taɓa zuwa tambaya, ya ce masa sunan Bature ne.