Yadda Za Ki Rage Kuɗin Inshorar Lafiya da Goggo Guda

'Yar'uwa, idan kuɗin katin inshora na mutum ɗaya ya sa ki jiri, samu wuri ki zauna. Na yi karance-karance, kuma an gwada wannan hanya a gidanmu na haya a unguwar Jambutu. Na rantse tana aiki.

1. Nemi Goggo

Kada kowa ya yanki katinsa, wannan almubazzaranci ne. Ku yi karo-karo ku yankar wa mutum ɗaya mai kan hadda. Mu Goggo Mairam muka zaɓa, wadda ta gudo daga Bama lokacin tashin hankali, ba ta manta sunan ko ƙauye ɗaya a hanya ba.

2. Aike ta

Masana sun tabbatar ciwo saƙo ne. Wanda ya kwana da shi ya biya wa Goggo da safe, ta haddace, ta hau keke ta je ta karanta wa likita a matsayin nata, ta dawo da magani. Cikin 'yan gidanmu, Bappa Bakari ya aika tari, Zulfa ta aika ƙaiƙayi. Amma ki riƙa tace saƙon maza. Ran da Goggo ta kai ciwon da mata ba sa yi, likita ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta.

3. Kada saƙo ya cika daɗi

Nan muka kwafsa. Maƙwabciyarmu Edna, malamar firamare, ta duƙe riƙe da ciki ta ce, "Goggo, nan gefen dama, kamar ana murɗa wuƙa. Ki faɗa masa da kyau fa."

"Ni za ki koya wa? Kwanta, 'yar nan."

Goggo ta faɗa da kyau. Har da nishi, har da birgima a kan benci. Likita ya ce afendis ne, tiyata yau, in an jinkirta zai fashe.

4. San lokacin sakin kati

Sai da aka sa mata rigar tiyata Goggo ta tuna wanda zai fashe ɗin yana gida, kwance a tabarma. Ta kama hannun nas ta ce, "'Yata, cikin nan aro ne. Mai shi tana Jambutu."

Aka soke katin, aka ɗauko Edna a guje, aka yi mata aiki. Ta tashi lafiya. Kafin Goggo ta tuɓe rigar, nas ta auna ta, ta samu hawan jini mai tsanani. "Mama, me ya hana ki faɗa?"

"Ba wanda ya aiko ni da shi."

Gargaɗi: idan aka yanka goggonki, babu ruwana. Ni ɗaliba ce, ko allura na gani sai na runtse ido.