Gida Mai Tsamiya Biyu

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tarwatsa gidan uban abokina a gaban aji guda, kuma aka tafa mini.

Muna shekara ta biyu a makarantar koyon ordinata, wato kwamfuta, a Diffa, mushe, malaminmu, ya raba mu uku-uku, ya ce kowane gurup ya gina mataki ɗaya na wasan bidiyo. Namu ni ne, da Falmata, da Bukar, wani shiru-shiru da iyayensa ke zaune sansanin gudun hijira na Assaga tun da aka tashe su daga bakin kogin Komadugu. Ni ɗan ma'aikaci ne daga Damagaram, kuma ni kaɗai ke da ordinata, sai na naɗa kaina shugaba (ba wanda ya zaɓe ni, ba kuma wanda na tambaya).

Na ce da Bukar, "Kai da ka iya zane, zano mana wani ƙauye." Bayan kwana uku ya kawo takarda. Ga mashigin kogi, ga gonakin tattasai, ga masallaci, ga wani gida mai tsamiya biyu a ƙofa. Na ce a raina, wannan akwai basirar ƙirƙira. Ban tambaye shi komai ba. Na yi sati biyu ina aiki ni kaɗai, duk sanda suka ce su gani sai in ce, "Ku dai bari sai ranar."

Ranar gabatarwa na sha guga (har da turare, kamar mai zuwa zance). Na haska wasan a bango, ina tuƙa sojana ina zuba bayani, baki har kunne. Da na iso gida mai tsamiya biyu, wanda na kafa wa baƙar tuta, sai na ce, "Nan ne maɓoyar yaran daji, 'yan ta'addan nan. Masu gidan ne ke ba su abinci." Na danna. Gida ya tashi da wuta, aji ya ɗauki tafi.

Mushe ya ce, "Aiki ya yi kyau. Wa ya ƙirƙiro taswirar?"

Na nuna Bukar, wai ni mai adalci.

Bukar bai ɗago kai ba. "Ba ƙirƙira ba ce, mushe. Garinmu ne. Wancan gidan babana ne."

Duk wanda ya zauna Diffa a shekarun nan ya san nauyin abin da na furta. Mutanen bakin kogi sun rasa gona, sun rasa gida, sannan suna yawo da zargi a ka. Magana irin tawa kan sa a zo a ɗauki mutum. Na so ƙasa ta tsage in shige. Falmata ta dube ni ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka."

Da aka tashi Bukar ya same ni. Na so ya zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Aboki, kana iya cire tutar da masu bindigar? Ina so Inna ta ga ƙofar gidanta. Ta daɗe ba ta gani ba."

Na cire duk wani mai motsi a wasan, na zuba masa a waya. Bayan sati na yi ƙarfin hali na tambaye shi.

"Ta gani," in ji shi. "Ta ce an gode. Ta dai tambaya me ya sa babu kowa a garin."

Mu muka ci maki mafi yawa a aji, kuma har muka gama makaranta Bukar bai sake zane a gabana ba. Yana gaishe ni, gaisuwar mutunci irin ta baƙo. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, kuma ya zo a makare: in aka miƙo maka zanen gida, tambayi na wane ne kafin ka cinna masa wuta.