Yadda Ake Kashe Gonar Gado da Gyaɗa Cikin Damina Huɗu

Kwaɗayi da taurin kai, su ne jarin wannan aiki. In kana da su, na yi maka alkawari: cikin damina huɗu gonar da ta ciyar da kakanka za ta zama filin da ko akuya ba ta tsayawa. Cha'ibu, ɗan ƙanena na Urafane, ya gwada, bai kuskure ko taki ɗaya ba.

1. Ka shuka gyaɗa bana, ka maimaita baɗi.
Ta farko ta yi kyau har ka sayi rediyo? Shi ke nan, ka zama malami. Hatsi da wake ka bar wa marasa wayo. Ƙasa ba ta da baki, saboda haka ba ta gajiya.

2. Ka kori mai shanu.
Bayan girbi Baffa Bafillace zai zo, yadda ya saba zuwa wa ubanka, ya ce, "In sauke garke su taka maka gonar, ka ba ni dami biyu?" Ka ce, "Kashin shanu zan saya da hatsi? Yi gaba." Harawar ma ka kwashe tas ka kai kasuwa. Kada ka bar wa ƙasa ko ganye, sai ta saba.

3. Ka toshe kunne.
Na ce masa, "Cha'ibu, juya mata da hatsi ta huta." Ya ce, "Baba, wannan noman zamanin da ne. Hatsi ai yana kasuwa." Ka haddace wannan amsa.

4. Ka haɗa da gamanar matarka.
A damina ta uku ganye zai yi rawaya ya murɗe, ka tona ka tarar da kwanso ba ƙwaya. Ka ce bakin mutane ne. Sai ka dubi gamana, ɗan filin da matarka ke noma hatsinta. Zara'u, matar Cha'ibu, ta ce, "Malam, wannan fa shi ke riƙe da tukunyar gidan nan." Ya ce, "Gyaɗa za ta sayo miki goma irinsa."

5. Ka jira fari.
Ba ya saɓa alkawari. Shekarar da ruwa ya ɗauke, maƙwabta sun tsira da dami biyar, shida. Cha'ibu kuwa, da soja suka karɓi mulki, shi ne na farko a layin jar dawar taimako, da buhun gyaɗa wofi a kafaɗa.

Ga ribarsa: rumbu biyu wayam, tumaki uku sun tafi, rediyo ya bi su. Zara'u tana gidan ubanta a Attantane da yara biyu. Gonar, iska na kwasar ta. Shi kuma yana dako a Maradi.

Ni dai nawa faɗi ne. In ka bi ya yi maka aiki, kada ka zo ƙofata da ƙwarya.